Sunan da Yatsuna Ke Kira

Ranar da aka kawo na'urar, ni na fara yin tsaki. Ina zaune bayan keken rubutuna a biro, wato ofis, a Keita, sai ga mota ta tsaya aka shiga sauke kwalaye, ana ta "a hankali, a hankali" kamar an ɗauko mai naƙuda. Ɗakin da mu matan biron muka daɗe muna roƙo a ba mu don salla da shayar da jarirai, shi aka share mata. Aka toshe tagoginsa, aka kafa masa injin sanyi, kilim, alhali dirakta kansa fanka ce ke juyawa a bisansa. Na ce wa abokiyar aikina ko amarya ban ga an yi wa wannan gata ba.

Ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina aikin buga takardu a wani furoje, wato shiri na gyaran ƙasa, irin wanda matan ƙauyuka ke ɗebo duwatsu a ka suna jerawa a jikin tsauni don tare ruwa, ana dasa itace, ana gina madatsai a ƙoramu. Kowace gona da aka raya, kowace rijiya, kowane rukunin mata da abincin da ake raba musu, sai takardarsa ta bi ta hannuna. To yanzu an ce duk wannan za a zuba shi cikin na'ura. Ordinater muke ce mata a lokacin, kafin jikokinmu su zo su koya mana cewa kwamfuta.

Wanda aka turo daga Yamai ya kafa ta wani siririn saurayi ne, mutumin Kwatano, mai yawan dariya. Hausarsa duka "ina kwana" ce, kuma da ita yake gaisuwa ko da la'asar, don haka da Faransanci muke magana. Ya nuna mana babbar da ke ɗakin sanyi ya ce ita ce uwa, a cikinta ake ajiye komai. Ƙananan alluna masu kama da talabijin da ya jera a teburanmu kuwa ƴaƴa ne, ba su da ƙwaƙwalwar kansu, ta waya suke tambayar uwarsu. Na ce a raina, ashe dai rumbu ne aka yi wa sunan Nasara. Ya kwashe ƴan kwanaki yana zura mata wasu faifai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kira ni da dirakta da mai lissafi, ya ce mu zo mu ga yadda ake shiga.

Allon ya kawo haske kore, ya nemi suna. Saurayin ya buga wata gajeruwar kalma, ya ce ma'anarta saiwa, kuma duk wanda ya shiga da ita ya mallaki rumbun: ya ƙara, ya rage, ya share komai in ya ga dama. Ya danna. Ina jira in ga ta tambaye shi wani abu, ko ta nemi makulli, ko dai ta ɗan yi gardama. Ina! Buɗe masa kawai ta yi.

Na ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "shi ke nan?"

Ya ce shi ke nan.

"Kowa ya zo ya buga kalmar nan sai ya shiga? Ko mai shara?"

"Ko akuya, Madam, in ta iya bugu."

Jikina ya yi sanyi, kuma ba na kilim ba. Ni ƴar garin Buza ce, a nan ƙasar Adar. Uwata ta tsufa a gidan babana ba ta taɓa leƙa rumbunsa ba. Shi ke kafa tsani ya hau, ya ɗaga murfi, ya miƙo dami. Ga kuma abin da aka ɗauko daga ƙetaren teku, aka ƙwace mana ɗaki dominsa, yana zaune baki buɗe. Saurayin ya ga fuskata ya fashe da dariya. Ya ce haka dukkansu suke in an kafa su sabo, babu kulle ko ɗaya, kuma aikin farko na wanda ya fara shiga shi ne ya kulle. Ya kulle babbar ƙofar da wata kalma da shi da dirakta kaɗai suka sani. Sannan ya yanka mini tawa ƙofar, ya sa mata suna sakatariya, ya ja mini kujera.

Ya ce, "Yanzu ki zaɓi kalmar sirri. Kada ki rubuta ta a takarda. Ki nemi kalmar da ba za ki taɓa mantawa da ita ba, wadda kuma ba ki faɗinta a gaban mutane."

Bai rufe baki ba na same ta. Saurin samun ne ma ya ba ni tsoro.

Ina da ƴar fari. Na haife ta a tsakiyar shekarun saba'in, bayan na gama koyon bugun rubutu a Tawa na auri wani ma'aikacin kula da dabbobi, mutumin wani ƙauye kusa da Garhanga. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya yi kuka sai ta kau da kai wani ya ɗauka. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ni kuwa da na shiga dangin mijina da takardar lakol, wato makarantar boko, a hannu, ido aka zuba mini. Tun ina da ciki na ji wata gwaggonsa tana cewa, "Ku bari ku gani. Wagga ɗiyal lakol ta, rungume shi za ta yi tana sumba kamar Nasara." Na ce a raina, to, za ku gani ɗin.

Kuma sun gani. Kunyar da na yi, ko matan da ba su taɓa taka ƙofar lakol ba ba su yi irinta ba. Ranar suna, da aka shigo ana faɗin abin da aka raɗa mata, na ja mayafi na rufe kaina ruf. Nono ma sai na juya wa mutane baya nake ba ta. Da aka yaye ta, uwar mijina ta goya ta ta tafi da ita ƙauye kamar yadda aka saba, ina zaune ina tsince wake ban ɗaga kai ba. Aka yi ta yabona har wajen dangi na Madawa. In dole sai na ambace ta, sai in ce "ta wajen tsohuwa". Na haifi wasu bayanta, na kira sunayensu har muryata ta dushe, na goya, na zaga, na yi musu waƙa. Ita kuwa in mun je ƙauye da salla, ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Kakarta take kira Inna. Ni Tanti take ce mini, kamar yadda ƴaƴan maƙwabta ke cewa.

Ba zan zauna nan in ce al'adar banza ce ba. Ni ma ban taɓa jin uwata ta kira babban wana ba, amma shekarar da ya kwanta ciwo ita ta rame. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai gaskiya ina son yarinyar nan, son da wani lokaci yake taso mini ina tsakar cin abinci, kuma babu inda zan kai shi in sauke.

To sunanta ne ya faɗo mini a kan kujerar nan. Na dubi hagu na dubi dama. Dirakta na tsaye, mai lissafi na tsaye, dukansu ƴan Adar, dukansu sun san mijina. Na ce wa saurayin ya sa su matsa. Ya ce babu buƙata, in buga kawai in gani. Na danna harafin farko, ɗayan hannuna a shirye don rufe allon. Babu abin da ya fito. Na danna na biyu, na uku, har ƙarshe, allon na nan wayam kamar ban taɓa komai ba. Na ɗauka tun ba a je ko'ina ba na lalata musu kaya. Ya ce a'a, haka aka yi ta, tana ji amma ba ta nunawa, in sake bugawa don ta tabbatar. Na sake. Sau biyu ke nan a jere na kira ƴata a gaban maza biyu na ƙasarmu, babu wanda ya ji. Da na miƙe sai na tsaya ina ta kallon allon, har mai lissafi ya tambaye ni ko sanyin ɗakin ne bai karɓe ni ba.

Daga ranar na zama mai rigan kowa zuwa biro. In gaida mai gadi, in yaye ƙyallen da nake rufe allona da shi, in kunna, in buga sakatariya. Sai ta tambaye ni kalmar, ni kuma in kira. Da farko sai na waiga na tabbatar babu kowa, kamar mai satar nama a tukunya, ina bugawa ina istigfari. Ku tuna ko a takarda ban taɓa rubuta sunan nan ba, takardunta na lakol duk ubanta ke cikawa. Sannu a hankali yatsuna suka haddace shi, suka koma suna gama shi kafin in yi tunaninsa. Wata rana da tsakar aiki na kama kaina na fita daga rumbun babu dalili, don kawai in sake shiga. Na zauna ina kallon hannuwana ina mamakin matar da nake zama. Saurayin kafin ya koma Yamai ya ja mini kunne in riƙa canza kalmar lokaci lokaci. Na ce masa to, ban kuwa taɓa canzawa ba.

Aikin kansa na iya shi, har na fi mazan. Na zuba gonaki da rijiyoyi da madatsai da rukunonin mata, rumbu ya cika. Kowace Juma'a kafin a tashi ina kwafe komai a wani kaset in sa a durowar dirakta, kamar yadda aka koya mini. Na ma daina yi wa na'urar tsaki, ko da yake har yau ban yafe mata ɗakinmu ba.

Ana haka yarinyar ta ci jarrabawar shiga kolej, wato sakandare. Ƙauyensu babu kolej, Keita akwai, don haka da aka koma lakol bayan damina kakarta ta kawo ta gidanmu da akwatin ƙarfe da ƙullin busasshiyar yakuwa. Ta fara zama budurwa, doguwa, tafiyarta ta uwata sak. Murnar da na yi ranar, sai da na shiga madafa na balbale ƙananan da faɗa ba su yi komai ba.

Ashe zama gida ɗaya ya fi gaisuwar salla wuya. In ina nemanta sai in ce "ke", ko in aiki ƙanenta in ce ya kira waccan. In zaɓi tsokar da ta fi kyau in sa a kwanonta, in ce ragowar yara ce. Na ɗinka mata atamfa na ce tela ne ya ɓata mini awo, ta ɗauka in tana so. Duk wata tsohuwa da ta ga wannan ta san karatun, amma ita yarinya ce, abin da aka faɗa mata shi ta ji. Kuma ko a ƙauye, uwa tana kunya a gaban mutane, in an shiga ɗaki ana samun ɗan shafa kai ko ɗan tsokana. Ni na ɗaure nawa tamau tun ina amarya, har ban san ta inda ake sassautawa ba.

Wata la'asar, zafi ya fara shigowa, ina kwashe tuwo sai na ji muryarta ta bayan darni, shingen karan gidanmu, suna wanki da ɗiyar maƙwabta.

Tana cewa, "Wallahi in anka yi hutu ba ni komowa. Inna ta ce kunya ta, amma ni na ga masu kunya. Kunya daban, ƙiyayya daban. Wagga mata, ko sunana ba ni tsammani ta riƙe."

Mara ta tsaya a hannuna. Ƙiyayya. Ni? Na tsaya ina jin kalmar tana zagaya kaina har tuwon ya fara kamawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da duk duniya ke yabona a kansa, haka yake isa wajenta ba.

Da yamma mijina ya tabbatar mini. Ta same shi ta ce ita lakol ta ishe ta, ƙauye za ta koma. Har ta aika wa kakarta, tsohuwa kuwa da ma kewa ta dame ta, ta aiko cewa ranar kasuwar farko ta hutu za ta zo ta tafi da abinta.

Ya ce, "Ke, yarinyag ga tahiya za ta yi. Baki guda za ki buɗe, ta zamna."

Na ce, "In ce mata mi? Kai ka kira ta mana, ba kai ab babba ba?"

"Ni ma ai ta hwari ta gare ni."

Na ce to mu biyun mun taru mun zama bebaye, Allah ya ba mu lada. Amma na gwada, Allah shaida. Na shiga bayi da buta na gwada furta sunan a hankali, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Na je har bakin ɗakinta na tsaya, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke, ba ki share tsakar gida ba." Ta tashi ta share. Kafin a yi hutun har ta shirya akwatinta ta ɗaure shi da igiya, ta ajiye a bakin ƙofa inda kowa zai gani.

A cikin wannan hali na'urar ta mutu. Bazara ta kankama, kilim ya tsaya a ƙarshen mako babu wanda ya sani, uwar ta kwana tana aiki a rufaffen ɗaki har ta dahu. Ranar Litinin na kunna allona bai ko tambaye ni suna ba. Aka kira saurayin daga Yamai, ya zo ya buɗe cikinta ya ce ma'ajiyar ta ƙone, sai an sa sabuwa an sake kafa komai daga farko. Na tambaye shi ko duk abin da na zuba ya tafi ke nan. Ya ce in kwantar da hankalina, kasetocin Juma'a za su maido da shi. Ya shiga zura faifansa yana fito, ni kuma na koma kan tsohon keken rubutuna, safiya na zuwa tana wucewa babu inda zan kira kowa.

Ana jibi kasuwa, wajen azahar, ya leƙo ya ce ya gama, in zo in shiga in duba ko komai ya dawo daidai. Saboda haka ban je gida cin abinci ba. A ɗakin akwai shi, da dirakta, da mai lissafi, da direbanmu da ya jingina a bakin ƙofa yana shan sanyin banza. Na zauna. Saurayin yana ta bayani a kaina, wai tunda sabon kafi ne kaza da kaza, ni kuwa hankalina na kan akwatin da ke ɗaure a gida. Na ajiye takardun da zan gwada da su a gefe, na zuba musu ido. Mai bugun rubutu ba ta kallon abin da take bugawa, takarda take kallo, haka aka koya mana a Tawa da rula a bayan hannu. Na buga sakatariya, na danna. Yatsuna suka wuce da kansu suka yi abin da suke yi kowace safiya, na sake dannawa. Sabo turken wawa.

Sai na ji saurayin ya ƙyalƙyale da dariya. Na ɗaga kai.

Sunan ƴata ne a kan allon, da haruffa kore, ɓaro ɓaro. A ƙasansa kuma ga shi an sake maimaitawa da wasu kalmomin Turanci a gefe. Ashe abin da yake ta faɗi ke nan ban saurara ba: sabon kafi babu kulle. Tun da na buga sakatariya ta buɗe mini, ba ta tambaye ni kalmar sirri ba. Ina ciki tsundum na buga sunan, ita kuma ta ɗauka umarni nake ba ta, ta nuna shi, ta amsa cewa ba ta san wannan ba.

Na kasa ko ɗaga hannu.

Saurayin ya ce, "A, Madam! Ashe wannan ce kalmar?" Ya sunkuya ya karanta sunan da ƙarfi, da irin lafazinsu na bakin teku, har sau biyu, yana jin daɗin kansa.

Daga bakin ƙofa wata murya ta ce, "Na'am?"

Na waiga. Ita ce tsaye, da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle. Ubanta ne ya aiko ta da ya ga ban dawo ba, direba kuma ya matsa mata ta shigo. Tana kallon baƙon tana mamakin inda ya san ta.

Ya ce mata, "Sunanki ne?"

Ta ce i, da Faransancinta na kolej.

Shi kuwa bawan Allah, rashin sani ya fi dare duhu, sai ya shiga yi mata bayani kamar yana gaban aji. Wai wannan ita ce kalmar da Madam ke buɗe na'ura da ita kowace safiya. Wai tun ranar da ya fara kafa ta ya ce ta zaɓi abin da ba za ta taɓa mantawa da shi ba, kuma ga dukkan alamu ba ta taɓa canzawa ba duk da ya ja mata kunne. Ya juyo gare ni da fara'a ya ce, "Wace ce ita a wajenki?"

Dirakta ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki. Mai lissafi ya tuna bai yi azahar ba. Direba ya ce "La'ilaha illallahu" ya sulale waje. A wajensu, da su ga wannan gara su tarar da ni babu ɗankwali a tsakar kasuwa. Ni kuma na shiga dannan duk abin da yatsana ya samu don in goge, na'urar na ta ƙaro layi a ƙasa, sunan na nan a sama bai motsa ba. Daga ƙarshe na fizge mayafina na rufe allon da shi, ni da ake yabo har Madawa.

Amma ta riga ta karanta. Na ga idonta a kan allon kafin mayafin ya sauka. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta durƙusa kamar kullum ta ce, "Tanti, ga abinci." Ta tashi ta fita. Ban iya karanta komai a fuskarta ba.

Saurayin ya bi mu da kallo ya ce me ya yi. Dirakta ya ja shi gefe ya faɗa masa a hankali. Ya dawo yana ta ba ni haƙuri, yana ƙara ɓata lamarin, har na ce masa don Allah ya yi shiru. Sai ya ce, cikin ladabi yanzu, tunda kowa ya ga kalmar dole in zaɓi wata. Na zauna a gaban allon kaina fayau, babu kalma ko ɗaya a duniya da ta zo mini. Na ce sai gobe. Ya ce ba a barin ta a buɗe ta kwana. Dirakta, Allah ya saka masa, ya ce a bar Madam, ya sa aka nemo kwaɗo aka kulle ɗakin gaba ɗaya. Gonakin da rijiyoyin duk sun dawo daidai, an ce mini. Ni ko a jikina.

Kafin in kai gida labari ya riga ni, don matar direba ba ta ajiye magana ta huce. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan darni tana murmushi ta ce, "Madam, ashe can biro a ka kiran ɗiya?" Na ce mata ta je ta kula da awakinta da ke cin shanyar mutane. Haushi nake ji, na na'urar, na ɗan Kwatano, na yatsuna. Ina hango gwaggon mijina ranar da zai kai kunnenta. Abin da ya fi duka tsorata ni kuwa shi ne kada yarinyar ta ɗauka na mai da sunanta abin wasan biro, ta ƙara tabbatar da abin da take zato.

Na tarar da ita a bakin murhu tana hura wuta, ƙannenta sun tafi makarantar allo, ubanta bai dawo ba. Akwatin na nan a ɗaure. Na ɗauko kuɓewa da wuƙa na zauna nesa kaɗan, na ba ta gefe.

Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Tanti."

"Mi?"

"Kullum da sahe?"

Na ce, "Ki kula da wutakki."

Ta tura itace. Sannan ta ce, "Tun ina ƙauye?"

Na so in ce wa ya faɗa mata, na so in tashi in shige ɗaki. Sai na ji wata murya da ba ta yi kama da tawa ba ta ce, "Tun kina ƙauye."

Ta daɗe tana kallon wutar. Na ga ta sa bayan hannu ta share fuska, amma itacen ɗanye ne, yana hayaƙi.

"Mutumin ya ce sai kin sake wata?"

"Awo."

"Kin samu?"

"Ban samu ba."

Ta gyara zaman tukunya, ta rage murya. "Ina da wani suna. Wanda Inna ka kirana da shi in muna mu biyu. Babu wanda yas san shi nan Keita, ko Baba."

Sai ta faɗe shi, a hankali, tana fuskantar murhu. Wuƙar ta tsaya a hannuna. Ni na haife ta, na yi wankan jegonta, ga ta ta kusa kai ni tsawo, amma ban taɓa jin sunan nan ba ko sau ɗaya. Ɗan ƙaramin suna ne mai daɗi, irin wanda ake raɗa wa yaro ana goye da shi, kuma wata ce ta raɗa mata.

Ta ce, "In kin mance shi, ki tambaye ni da sahe. Ina nan."

Na buɗe baki in ce mata tukunya na tafasa. Ita ta tashi ta sauke.